Karatun zamanin fatake a jami'a: tambayoyi da amsoshi ga 'yan zango

Duk shekara idan sakamakon WASSCE ya fito, yaran Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina da suka yi ajin adabi a sakandare sukan zo da tambayoyi kusan iri ɗaya, iyayensu ma haka. Sun ji cewa a jami'a akwai darasin da ake ɗaukar zamani guda na tarihi a zauna a kansa, malamai daga sassa daban-daban suna shigowa kowa da abin da ya iya. Na tattara tambayoyin a nan. Zamani ɗaya zan riƙe ya zama misali tun daga farko: daga wajen 1800 zuwa 1920, wato daga bunƙasar fataucin goro zuwa kafuwar mulkin Turawa, domin a cikinsa aka haifi zangunanmu.

Wane irin kwas ne wannan? Me ya raba shi da tarihin da muka yi a sakandare?

A sakandare an ba ka sunaye da shekaru ka haddace: wa ya ci sarauta, yaushe aka yi yaƙi, wace yarjejeniya aka sa wa hannu. A nan tambaya ake ajiye maka, sai a kawo masu sani daga fannoni da dama su taya ka nema. Malamin tarihi zai zo da takardun gwamnati da rahotannin matafiya. Na labarin ƙasa zai shimfiɗa taswira. Na adabi zai kawo waƙa, na addini ya kawo wasiƙun malamai da fatawoyi, mai binciken kufai ya kawo abin da aka tono a ƙasa, mai nazarin kiɗa ya saka maka ganga ka saurara. Aikinka shi ne ka haɗa abin da suka faɗa, ka kuma lura da inda suka saɓa wa juna, domin yawanci a wurin saɓanin ne karatun yake.

A ina ake irin wannan karatu a Ghana?

Mafi kusa da mu ita ce Jami'ar Ghana da ke Legon. Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar, wadda aka kafa a 1961, Kwame Nkrumah ya buɗe ta da kansa a Oktoban 1963, an gina ta ne a kan wannan tsari: masu tarihi da masu harshe da masu kiɗa da masu nazarin al'umma a inuwa ɗaya. Thomas Hodgkin ne daraktanta na farko, bayansa J. H. Kwabena Nketia, masanin kiɗan gargajiya. Duk ɗalibin digirin farko a Legon, ko likitanci yake karantawa, sai ya yi darasin nazarin Afirka kafin ya fita. Wanda yake son zurfi sai ya haɗa tarihi da Larabci, ko da nazarin addinai, ko da binciken kufai, daga baya ya koma cibiyar ya yi digiri na biyu. A Kumasi ma KNUST tana da sashen tarihi da nazarin siyasa, haka Jami'ar Cape Coast tana da nata sashen tarihi.

Sharaɗin shiga shi ne na kowa: makin A1 zuwa C6 a darussa shida, uku na dole da suka haɗa da Turanci da lissafi, uku na zaɓi. Sunayen kwasa-kwasai sukan canja, don haka ka duba littafin jagora na shekarar da za ka shiga.

Ba gamin-gambiza ba ne? Wanda ya taɓa nan ya taɓa can ai ba ya ƙwarewa a komai.

Wannan tsoro yana da tushe, kuma kwas ɗin da aka tsara da ganganci haka yake zama. Abin da ke hana shi watsewa shi ne a riƙe tambaya guda. Ga misali: me ya sa Salaga ta zama babbar kasuwar goro a ƙarni na 19, ba Kumasi ba, alhali goron a dazuzzukan Asante yake fitowa?

Mai labarin ƙasa zai fara. Goro ɗan kurmi ne, masu cinsa kuwa suna can ƙasar Hausa da Barno. Jakunan fatake ba sa jure wa tsando, ƙudan da ya cika kurmi, don haka dole ayari ya tsaya a bakin daji, inda ciyawa ta fara. Mai tarihin siyasa zai ce wannan bai isa ba: sarakunan Asante da gangan suka tsare baƙin fatake a kasuwannin arewa, ba su bari su shiga cikin ƙasa su sayi goro a gindin bishiya ba, kuma fataken sarki ke fara sayarwa kafin na talakawa. Mai tattalin arziki zai ja hankalinka ga shekaru biyu. A 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara jihadi, aka sami daula mai faɗi wadda giya haramun ce a cikinta, goro kuwa halal, kasuwarsa ta buɗe. A 1807 Ingila ta haramta wa mutanenta cinikin bayi ta teku, sai Asante ta ƙara karkata kasuwancinta zuwa arewa. Abu biyu da suka faru a wurare masu nisa da juna sun haɗu a kasuwa ɗaya.

Sai kuma a sauko ƙasa, a dubi huhun goro kansa. Je Tudu ko kasuwar Nima ka tsaya wajen mai goro ka ga yadda yake buɗe ganye, ya yayyafa ruwa, ya tsince wanda ya fara lalacewa kada ya shafi saura. Haka fatake suke yi a hanya, watanni suna tafe ta Yendi da Djougou da Nikki, su ƙetare Kwara, su nufi Kano. Kayan da ke bukatar irin wannan kula ba kowa ke iya fataucinsa ba. Shi ya sa ayari yake da madugu da jagaba da uban dawaki da malami, shi ya sa wasu zuriyoyi kamar Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe sana'ar, shi ya sa kuma a kowane masauki ake bukatar maigida da zai sauke baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa idan an ci bashi. Tsarin maigida da ɗan gida da muke gani a zango har gobe daga nan ya fito. Fanni ɗaya ba zai kai ka daga ƙudan tsando zuwa zauren maigida ba.

To yaya aka yi kakanninmu suka baro can suka iso Akra da Kumasi?

A Fabrairun 1874 sojojin Ingila ƙarƙashin Garnet Wolseley suka shiga Kumasi suka ƙona ta. Ƙasashen arewa da ke ƙarƙashin Asante suka ɓalle, Asante ta daina aika goro Salaga kamar da, kasuwa ta fara komawa Kintampo da Atebubu. A 1892 rikicin sarautar Kpembe, garin sarakunan Gwanja da ke kusa da Salaga, ya zama yaƙin basasa, Salaga ta watse, fatake da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da sauran garuruwa. A 1896 aka kama Asantehene Prempeh na ɗaya, a 1900 aka yi yaƙin Yaa Asantewaa, bayansa ƙofar Kumasi ta buɗe wa baƙi, jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso a 1903. Goro ya juya hanya: maimakon watanni a bayan jaki, sai ya gangaro bakin teku ya shiga jirgin ruwa zuwa Legas. Alhassan Ɗantata, wanda ya zauna a Akra kafin ya yi suna da gyaɗa a Kano, yana cikin waɗanda suka yi wannan fatauci na teku.

Akwai kuma hanyar soja. Rundunar da wani hafsan Ingila mai suna Glover ya kafa a Legas, wadda ake kira Hausawan Glover, ta yi yaƙin 1874, kuma da yawa daga cikinsu sun zauna a nan bayan an sallame su. A Akra, Malam Naino ya samu fili daga hannun sarakunan Ga, ɗansa Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango wajen 1910, Nima kuwa sai a farkon shekarun 1930 Malam Futa ya sare ta. Wanda ya san wannan jerin ba zai yi shiru ba idan aka ce masa 'yan zango jiya suka zo, kalmar da ta yi wa gidaje da yawa ciwo a lokacin dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969.

Malam, ni makarantar allo na fi ƙarfi, Turancina daidai wa daida ne. Zan iya?

Turanci sai ka gyara shi, domin da shi za ka rubuta jarrabawa, kuma babu mai yi maka rangwame. Amma ka shigo da abin da mafi yawan 'yan ajinku ba su da shi, kuma wannan ne ya sa na zauna rubuta amsoshin nan.

Tun a shekarun 1960 cibiyar Legon ta tara ɗaruruwan rubuce-rubucen Larabci da Ajami daga gidajen malamai a faɗin ƙasar nan, aikin da Ivor Wilks da Alhaji Usmanu Boyo suka yi fice a cikinsa. A ciki akwai tarihin Gwanja da malamai suka rubuta da Larabci tun tsakiyar ƙarni na 18. Akwai rubutun Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna a Salaga, yaƙi ya tashe shi zuwa Krachi inda ya yi limanci har rasuwarsa a 1934. Ya yi waƙa a kan zuwan Nasara, ya yi a kan talauci da wadata, ya yi a kan annobar mura ta 1918. Mutum ne da ya ga zamanin da idonsa, ya faɗi ra'ayinsa da harshenmu. Akwai kuma labarin Zabarmawa su Babatu da Malam Abu ya rubuta da Ajamin Hausa. Har a Copenhagen akwai damin takardun Larabci da aka yi wa fadar Asante, waɗanda suka fita daga hannunta bayan yaƙin Katamanso na 1826.

Wa zai karanta waɗannan? Ɗalibin da ya ci Turanci da A1 amma bai taɓa wanke allo ba yana kallon shafin ne kawai. Kai da ka saba da rubutun warash, ka san fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, ka riga shi da shekaru. Abin da ya rage maka shi ne ka koyi tambayar takarda: wa ya rubuta, don wa, a wane hali, me ya ɓoye. Na ga yara suna jin kunyar faɗin cewa sun yi allo idan sun shiga Legon. Abin yana ɓata mini rai ƙwarai, domin jami'ar da kanta tana neman masu wannan ido.

Idan takardar Bature ta saɓa da abin da kakata ta faɗa, wanne za a ɗauka?

Ba a ɗaukar ɗaya a jefar da ɗaya tun kafin a auna. Thomas Bowdich ya je Kumasi a 1817, Joseph Dupuis a 1820, dukansu sun rubuta abin da suka gani na Musulmi a fadar Osei Bonsu: malamai masu rubuta wa sarki wasiƙu da layu. Shaidarsu tana da daraja don an rubuta ta a lokacin. Amma baƙi ne, kuma kowannensu yana da abin da yake so gwamnatinsa ta yarda da shi. Kakarka kuwa ta san sunan rijiyar da ake ɗiba da wanda ya auri wa, abin da babu Baturen da ya damu ya rubuta, sai dai labarin baka yakan haɗe mutum biyu su zama ɗaya, yakan kuma tsallake abin kunya. Makaɗan luŋa na Dagbon suna riƙe da jerin sarakuna a ka, amma su ma a gaban sarki suke kiɗa.

Idan majiyoyi biyu da ba su san juna ba suka haɗu a kan magana, ta yi ƙarfi. Idan suka rabu, sai ka rubuta cewa sun rabu, ka faɗi wadda ka fi karkata gare ta da dalilinka. A kan wannan dalilin ake ba da maki.

Na ji ana maganar bayi a ajin. Tonon asirin kakanni za a yi?

Za a yi maganar, kuma ya kamata a yi. Salaga kasuwar goro ce, kasuwar bayi ce kuma. Dagbon ta daɗe tana biyan Asante haraji da mutane. Hare-haren Babatu a ƙasar Gurunsi a shekarun 1880 da 1890 sun cika kasuwanni da waɗanda aka kamo, kuma Musulmi fatake sun saya sun sayar. A ɗaya gefen, da yawa daga cikin sojojin da ake kira Hausawan Glover bayi ne da suka gudo. A zango ɗaya, wani lokaci a gida ɗaya, akwai jikan wanda ya saya da jikan wanda aka saya, sun yi auratayya, suna sahu ɗaya a masallaci.

A ajin za ka zauna kusa da yarinya daga Sandema, inda har yau ake bikin Feok don tunawa da korar mayaƙan Babatu. Abin da wani ya ji a gida a matsayin jarumta, ita a gidansu makoki ne. Ka saurare ta har ta gama. Ladabin da ake bi shi ne ba a kiran sunan wani gida mai rai a ce asalinsu kaza, a aji ko a takarda, sai da yardarsu. Wannan amana ce, kuma malamin kirki zai kafa ta tun ranar farko.

Zai taɓa mini aƙida?

Ba a tambayarka ka bar abin da ka yi imani da shi. Ana nazarin yadda Musulmi suka rayu ne a wani zamani, da kyakkyawa da mummuna. Za ka ji abin da ba ka saba ji ba, kamar yadda malamai suka yi wa sarkin da ba Musulmi ba aiki, har babbar rigar yaƙin Asantehene ta cika da layu. Malaman wancan lokaci ma sun yi muhawara a kan haka, kuma karanta muhawararsu ƙarin ilimi ne.

Ina mata a cikin wannan tarihi? Duk sunayen maza nake ji.

Gaskiyarki, 'yar'uwa. Takardun maza suka rubuta, game da maza. Amma ayari ba ya tafiya babu mata, kuma zango bai tsaya da ƙafarsa ba sai da masu tuwo da masu koko da ƙosai da masu waken da Ghana duka take ci yanzu. Kuɗin da ya gina ɗakuna da yawa a Nima daga bakin murhu ya fito. Irin wannan tarihi yana cikin waƙoƙin biki, da kayan ɗaki da ake gada daga uwa zuwa 'ya, da ƙarar aure da gado a takardun kotu, da bakin tsofaffin da namiji baƙo ba zai shiga ɗakinsu ba. Ke za ki shiga. Hanyoyin nazarin al'umma da adabin baka da kwas ɗin ke koyarwa nan suka fi amfani.

Yaya karatun yake a mako, kuma yaya ake jarrabawa?

Lakca, sai ƙaramin aji na tattaunawa, sai karatu mai yawa a ɗakin karatu na Balme. Akwai gwaji a tsakiyar zangon karatu da jarrabawa a ƙarshe, galibi da rubutun bincike. Malami mai himma yakan tura ɗalibai Gidan Tarihi na Ƙasa, ko ma'ajiyar takardun gwamnati ta PRAAD a nan Akra, wadda take da rassa a Kumasi da Tamale, ko gidan tarihin fadar Manhyia. Wanda ke kwana a gida yana bin trotro ya ware sa'o'in karatunsa da asuba, don gidan haya a zango ba ya yin shiru da dare.

Tambayar Alhaji: idan ya gama, wane aiki zai samu?

Ranka ya daɗe, ba zan yi maka alkawarin da ba nawa ba. Wannan digiri ba ya zuwa da kujera a ofis kamar na likita ko na nas, kuma neman aiki a ƙasar nan da wuya ga kowa. Abin da yaro zai fita da shi shi ne iya karanta takarda mai tsawo ya gane inda aka yi coge, iya rubutu mai hujja, da iya zama da dattijo ya ɗauki bayani. Masu wannan sukan shiga koyarwa, aikin jarida, gidajen tarihi da ma'ajiyar takardu, yawon buɗe ido, aikin gwamnati da ƙungiyoyin raya ƙasa, wasu su wuce karatun lauya. Shawarata ita ce ya riƙe Larabcinsa da kyau, ya ƙara Faransanci idan da hali, domin hanyar goro ta ratsa Togo da Benin, takardunta kuma da harshen Faransa suke, wasu da Jamusanci, tunda Kete-Krachi a hannun Jamus take har 1914. Kuma rikicin fili da na sarauta ba sa ƙarewa a zangunanmu. Ranar da aka je gaban hukuma, unguwar da ke da ɗanta mai iya fito da takardar 1920 ya karanta ta daidai ba ta zama abin tausayi.

Muna da tsofaffin takardun kakanmu a cikin adaka. Me zan yi da su?

Da farko ka nemi izinin babban gida, kada ka ɗauka a ɓoye ko da niyyarka mai kyau ce. Ka wanke hannu ka shanya. Ka buɗe gafakar a kan tabarma mai tsabta, nesa da fanka da kofin shayi. Littattafan da ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne, don haka kada ka sauya jerinsu. Idan sun riga sun hargitse, duba ƙasan shafi, marubuta sukan sa kalmar farko ta shafi na gaba a can, da ita ake mayar da su. Ɗaga warƙa ɗaya ka duba ta a hasken rana: idan ka ga jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar, irin wadda ake kawowa daga Italiya ce ta hanyar Sahara, kuma wannan yana taimakawa wajen kimanta shekarunta. Duba shafin ƙarshe, nan mai kwafi yakan rubuta sunansa da na malaminsa, wani lokaci da gari da ranar da ya gama.

Kada ka manna salatif a inda ya yage, kada ka kai a rufe ta da roba mai zafi, kada ka bi rubutun da biro don ya fito. Ɗauki hoton kowane shafi da waya, gaba da baya, da rana a inuwa, ka ajiye hotunan a wuri biyu. Har rasit da wasiƙa da lissafin bashin goro ka ɗauka, sau da yawa sun fi littafin fiƙihu ba da labari, tunda shi ana samun irinsa a ko'ina. Sannan ka zauna da wanda ya fi kowa tsufa a gidan ka tambaye shi takardun na wa ne, daga ina aka zo da su, ka naɗi muryarsa idan ya yarda. Bayan haka ka mayar da su wuri busasshe, sama da ƙasa, saboda damina da gara. Hotunan za ka kai wa malaminka a jami'a, asalin ya zauna a gida.